A bar ɓeraye su shaƙi wiwin, mu kuma mu daina ƙara wa sakamakon gishiri

Duk sanda maganar wiwi ta taso, ko a majalisa ko a guruf ɗin WhatsApp ko a ƙasan wani fostin na Facebook, abun da na lura shi ne ɓangarorin biyu duka da binciken Turawa suke kafa hujja. Mai sha zai ce maka ai Turawa da kansu sun gano magani ce, tana kashe ciwon daji tana warkar da farfaɗiya shi ya sa ma Kanada ta halatta ta tun 2018, shi kuma ɗan kwamitin unguwa ko mai nasiha zai ce an gwada a kan birai ƙwaƙwalwarsu ta ƙone ƙurmus, busa ɗaya ta ishe ka hauka. In ka bi diddigin maganganun nan za ka tarar kusan kowacce akwai wani bincike na gaske a can ƙarƙashinta, galibi a kan ɓeraye ko birai aka yi shi, sai dai kafin ya iso wayarka an yi masa kwaskwarimar da mai binciken ma ba zai gane kayansa ba. Babu mai tambayar ta wace hanya aka ba dabbar, allura aka yi mata ko hayaƙi ta shaƙa, nawa aka ba ta, tsawon wane lokaci.

Ni dai matsayina a fili yake, ba na goyon bayan shan wiwi, addinina ya hana duk abun da ke gusar da hankali kuma idona ya gane min yadda ta mayar da samari a unguwanninmu. Amma ina goyon bayan a ci gaba da binciken nan na sa dabbobi su shaƙi hayaƙi da tururin wiwi, a yi shi da tausayi da ƙa'ida, sannan a faɗa mana abun da aka gani yadda yake, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba. Har ma ina ganin mu a Najeriya mun makara da fara namu.

Kusan duk abun da duniya ta sani kan yadda wiwi ke aiki a jiki, a jikin dabba aka fara ganin sa. A 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni a cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka ware sinadarin THC tsantsarsa, daga baya gwaji a kan birai ya tabbatar shi ne mai bugarwar a cikin tarin sinadaran da ke ganyen. A 1988 Allyn Howlett da William Devane a jami'ar St. Louis ta Amurka suka gano a ƙwaƙwalwar ɓera akwai wani gurbi na musamman a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wanda irin sinadarin nan ke zama a ciki daram, shi ake kira CB1 yanzu. Sai tambaya ta taso, ya za a yi a ce an halicci gurbi a ƙwaƙwalwar ɓera da ta mutum saboda wani ganye kawai? A 1992 amsa ta fito daga ƙwaƙwalwar alade, ashe jiki da kansa yana haɗa nasa sinadarin da ke shiga gurbin, aka sa masa suna anandamide, kuma tsarin yana da hannu a jin yunwa da jin zafin ciwo da bacci da tuna abu. Wato wiwi wani tsari ne da Allah ya daidaita shi a jiki take shiga ta yi masa ambaliya. Ba don dabbobin nan ba da ba a san wannan ba, tunda babu wanda zai yarda a buɗe kan ɗansa a niƙa ƙwaƙwalwarsa a duba.

Akwai wani gwaji da Billy Martin da mutanensa suka kafa a jami'ar Virginia Commonwealth, wanda har yau da shi ake gane ko sabon sinadari yana aiki irin na THC. Abu 4 ake dubawa a jikin ƙaramin ɓera. Ana sa shi a akwati a ga ko zirga-zirgarsa ta ragu, ana auna zafin jikinsa a ga ko ya sauka, ana kai wa jelarsa zafi kaɗan a ƙirga sakan nawa zai yi kafin ya fizge ta, sannan a ɗora shi a kan wani zoben waya a sake shi. Lafiyayyen ɓera ba ya zama, nan da nan zai fara mutsu-mutsu yana shinshine-shinshine yana neman sauka, amma wanda THC ya kama sai ya sandare a inda aka ajiye shi, gashin bakinsa ma ba ya motsi, numfashi kawai yake. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin kango da yamma ya ga yaro a jingine da bango ido a lumshe ana yi masa magana sai bayan wani lokaci ya amsa, ya san ba baƙon abu ake bayyanawa ba.

To ga inda matsalar take, kuma a nan ne nake ganin binciken shaƙa ya zama dole. Shekara da shekaru yawancin gwaje-gwajen nan da allura aka yi su, a narka THC a mai a tsira wa ɓera a ciki, saboda ya fi sauƙi kuma ka san daidai adadin da ka bayar. Amma wa ka taɓa gani yana yi wa kansa allurar wiwi? Mutane zuƙa suke. Wanda ya zuƙa, sinadarin ta huhu yake faɗawa jini ya haye ƙwaƙwalwa cikin ƙanƙanin lokaci, ya kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna sannan ya fara sauka da sauri. Wanda aka tsira a ciki kuwa sai ya bi ta hanta tukuna, ita kuma hanta ta juya wani kaso nasa zuwa wani sinadarin daban da ake kira 11-OH-THC, mai ƙarfi shi ma kuma mai daɗewa, wato ya fi kama da wanda ya ci ta a abinci. A 2021 mutanen Matthew Hill a jami'ar Calgary ta Kanada suka jera hanyoyin biyu a kan ɓeraye, suka nuna ko da adadin THC a jini ya zo kusan ɗaya, abun da ke taruwa a ƙwaƙwalwa ya bambanta, masu allura sun fi tara wancan na hantar nesa ba kusa ba. Sannan allura ba ta da hayaƙi, babu kwalta a ciki, babu iskar nan mai guba irin wadda janareto ke fitarwa, alhali mai busawa duk yana kwasar su. Kamar mutum ne yake son sanin illar hayaƙin icce ga mai tuyar ƙosai sai ya jiƙa toka ya ba ta ta sha, zai ga wani abu dai, amma ba abun da ya fita nema ba.

Maganar birai da ƙonewar ƙwaƙwalwa kuma tana da asali, kuma ya kamata duk mai nasiha ya san shi. A shekarun 1970 wani likitan ƙwaƙwalwa Robert Heath a jami'ar Tulane da ke New Orleans ya riƙa sa wa birai takunkumi a fuska yana tura musu hayaƙin wiwi, wasu ma an dasa musu wayoyi a cikin kai, ya ce ya ga lalacewa ta dindindin. A 1974 ya kai maganar gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka, 'yan siyasa suka ɗauka, jaridu suka yaɗa, ta zagaye duniya. Sauran masana kuwa tun a lokacin suka yi ta ƙorafi, biran da aka duba ƙwaƙwalwarsu 'yan kaɗan ne ƙwarai, hayaƙin da aka ba su ya yi yawa in aka kwatanta da girman jikinsu, kuma ba a tsara aikin yadda za a raba illar wiwi da illar ƙarancin iska da azabar takunkumin ba.

Sai aka sake aikin da kyau a wata cibiyar gwamnatin Amurka da ke jihar Arkansas ƙarƙashin William Slikker, sakamakon ya fito a farkon shekarun 1990. Birai masu yawa aka raba kashi-kashi, wasu kullum suna shaƙar hayaƙin nadi ɗaya, wasu sau 2 a sati, wasu hayaƙin ganyen da aka cire wa THC, wasu kuma takunkumin kawai babu hayaƙi, aka yi shekara guda cur. Wata 7 bayan an daina aka duba ƙwaƙwalwarsu, ba a ga waccan lalacewar da Heath ya faɗa ba. Masu sha a nan suke tsayawa da karatu su tafa. Amma a aikin nan dai an ga wani abu da ni a wajena ya fi waccan maganar taɓa zuciya. An koya wa biran danna wani maɓalli su samu ɗan abinci mai ɗanɗanon ayaba, duk wanda ya samu guda sai na gaba ya buƙaci dannawa fiye da na baya, a ga iya inda biri zai jure kafin ya haƙura. Biran da ke shaƙar wiwi da wuri suke watsar da aikin. Ba su manta yadda ake yi ba, hannunsu lafiya ƙalau, kawai sun daina ganin abun ya kai a wahala a kansa. Mutuwar zuciya kenan, ita ce iyaye mata ke kuka da ita, yaro yana da sana'a a hannu amma ya kasa tashi ya buɗe shago. Kuma ga ɗaya ɓarin, bayan an daina ba su hayaƙin da wata 2 zuwa 3 himmarsu ta dawo.

Wallahi da wannan ake gaya wa samari da ya fi amfani sau dubu. Ka ce wa yaro busa ɗaya za ta haukata shi, ya waiga ya ga abokinsa shekara da shekaru yana sha yana tuƙa adaidaita, daga ranar ka zama maƙaryaci a idonsa, gobe in ka gaya masa gaskiya a kan tiramol ko kodin ma ba zai saurare ka ba. Amma ka ce masa za ta kashe maka zuciya a hankali ba tare da ka ankara ba, kuma in ka bari akwai kyakkyawan zaton ka dawo daidai, wannan ya gani da idonsa a jikin abokan nasa, kuma ka bar masa ƙofar dawowa. Wanda aka riga aka gaya masa ƙwaƙwalwarsa ta ƙone an gama, me zai sa ya daina? Sai dai fa a riƙe wannan, wiwin da aka ba biran Arkansas mai rauni ce, THC ɗinta bai kai kashi 3 cikin 100 ba, ta yau ba haka take ba.

Abun da ya canza fagen a 'yan shekarun nan shi ne sigarin lantarki. Masu bincike suka ari fasaharsa suka haɗa da akwatin roba mai rufi, na'ura ta dumama ruwan wiwi ta tura tururi ciki, ba takunkumi ba ɗaurewa. Michael Taffe da mutanensa a Kalifoniya suka nuna a 2016 cewa ɓerayen da suka shaƙi tururin THC ta haka zafin jikinsu yana sauka kuma jin zafin ciwo yana raguwa, alamar abun yana shiga da gaske. Sai a 2020 ɗakin binciken Ryan McLaughlin a jami'ar jihar Washington ya ƙara mataki ɗaya, aka bar wa ɓeran zaɓi. A bangon akwatin akwai 'yan ramuka biyu, in ya cusa hancinsa a ɗaya babu abun da zai faru, in ya cusa a ɗayan sai fitila ta kawo, tururi ya huro na 'yan sakan. Ɓeraye suka koyi ramin da ke kawo tururi, suka riƙa komawa kullum, kuma masu samun tururin da THC ya yi yawa a ciki sun fi nacewa da yarda su wahala a kansa fiye da masu samun mai yawan CBD, wani sinadarin wiwin ne da ba ya bugarwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin an daɗe ana kasa sa ɓera ya nemi THC da kansa yadda yake neman hodar iblis, har masu kare wiwi suka mayar da hakan hujjar cewa wai ba ta kama mutum. A 2000 Steven Goldberg da abokan aikinsa sun nuna wasu ƙananan birai suna danna maɓalli don a sa musu THC ta jijiya, yanzu kuma ga ɓera yana nema ta hanci. Ashe yadda ake ba shi ne bai yi masa ba. A jami'ar Florida kuma an nuna ɓerayen da suka saba da hayaƙin, in aka ba su maganin da ke toshe gurbin CB1 nan take alamun yankewa suke bayyana a jikinsu. Duk mai cewa ai ni duk ranar da na ga dama zan ajiye, ya kamata ya ji wannan.

Hatta yunwar nan da masu sha ke fama da ita, wadda ke sa yaro ya share indomi da ƙwai a teburin mai shayi ya ce a ƙaro, an bi sawunta. A ƙarshen 2023 wasu masu bincike a jami'ar jihar Washington ɗin dai suka nuna tururin wiwi yana kunna wasu ƙwayoyi masu kula da yunwa a can ƙasan ƙwaƙwalwar ɓera. Amfanin sanin wannan shi ne ko za a samu maganin da zai buɗe wa mai ciwon daji ko mai cuta mai karya garkuwar jiki ciki ya ci abinci ba tare da an bugar da shi ba.

A kan ƙuruciya sakamakon bai zo baki ɗaya ba, kuma gara a faɗi hakan. Yasmin Hurd a New York ta nuna a 2007 cewa ɓerayen da aka yi wa allurar THC suna tasowa, da suka girma sun fi sauran ɗirkar hiroyin in aka ba su dama. Su kuma na Florida da suka yi amfani da hayaƙi a 2019 ba su ga wata babbar illa mai ɗorewa a halayen ɓerayen ba bayan sun girma. Wannan saɓanin shi ne dalilin da ya sa nake cewa a ci gaba da aikin, da wiwi mai ƙarfin ta yau, ta hanyar da yara ke shan ta.

Binciken da ya fi tsaya min a rai kuwa ko ƙwaƙwalwa bai taɓa ba. A 2016 mutanen Matthew Springer a jami'ar Kalifoniya ta San Francisco suka sa ɓeraye a cikin hayaƙin wiwi irin wanda na gefe ke shaƙa, na minti 1 tak, sannan suka auna yadda jijiyar jinin cinyarsu ke buɗewa in jini ya ƙaru. Buɗewar ta ragu sosai kuma bayan minti 90 ba ta dawo daidai ba, alhali da hayaƙin taba sigari cikin minti 30 ta warware. Da suka ƙona ganyen da aka cire wa THC, illar tana nan. Wato ƙonewar ganyen ce da kanta ke yin ɓarnar. Duk wanda ya san zaman gidan haya ya san ɗakin da nake tunani, ciki ɗaya, taga an toshe ta da kwali saboda sanyi, maigida a bakin katifa yana busawa, matar tana ninke wanki, jariri a kwance bayanta yana bacci, in ta yi magana ya ce ai ba taba ba ce ganye ne na Allah. Ita da jaririn ba su zaɓi komai ba. Ba zan ce abun da ya faru a cinyar ɓera shi ne daidai abun da ke faruwa a jikin jaririn nan ba, amma babu wani kwamitin ɗa'a a duniya da zai yarda a rufe jarirai a ɗakin hayaƙi don a auna, to in ba ta ɓera ba ta ina za a samu abun da za a nuna wa maigidan?

Haka ma masu ganin tururi ya fi hayaƙi aminci. A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka tsakanin masu zuƙar man wiwi ta sigarin lantarki, zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807 a asibiti, 68 sun mutu. An samu wani nau'in man bitamin E da 'yan kasuwar bayan fage ke sirka man wiwin da shi a huhun marasa lafiyan, sai masu bincike a Buffalo suka sa ɓeraye suka shaƙi tururin man shi kaɗai, huhunsu ya nuna irin raunin. Nan zargi ya ƙara ƙarfi. Irin na'urorin nan fa yanzu sun fara yawo a hannun 'ya'yan masu hali a biranenmu.

Duk da haka ɓera ba mutum ba ne, kuma wanda ya manta da wannan shi ma ƙarin gishiri yake. Ɓera ta hanci kawai yake numfashi, ba ya zuƙa ta baki ya riƙe a ƙirji, wani kaso na tururin a gashinsa yake sauka ya lashe daga baya. Ba shi da bashi, ba a kore shi daga makaranta ba, babu abokan da za su yi masa dariya in ya ƙi karɓa. Kuma ba za ka tambaye shi ko yana jin muryoyi ba. Maganar wiwi da taɓin hankali daga mutane hujjarta mafi ƙarfi ta fito, kamar aikin Marta Di Forti na 2019 a biranen Turai da Brazil, inda masu shan mai ƙarfi kullum haɗarinsu ya kusa ninka na marasa sha sau 5. Akwai kuma darasin wani magani mai suna rimonabant wanda ke toshe CB1, a kan dabbobi ya rage ci ya rage ƙiba, Turai ta amince da shi a 2006, zuwa 2008 aka janye shi saboda yana jefa mutane cikin baƙin ciki mai tsanani har da tunanin kashe kai. Su ma masu cewa magani ce su tsaya a inda hujja ta tsaya, maganin farfaɗiyar da Amurka ta amince da shi a 2018 tataccen CBD ne na sha da baki, da awo, don wasu nau'ukan farfaɗiyar yara masu wuyar magani, babu ruwansa da nadin da ake saya a lungu.

Sai haƙƙin dabbobin su kansu, wanda ni ba na ɗaukar sa da wasa. Mun taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, kuma an umarce mu ko yanka za mu yi mu wasa wuƙa mu hutar da dabbar. To birin da aka dasa wa waya a kai aka ɗaure shi ana tura masa hayaƙi, a ƙarshe ma sakamakon bai tsaya da ƙafarsa ba, wannan azaba ce da ba ta haifi komai ba kuma ba zan kare ta ba. Tun 1959 William Russell da Rex Burch a Ingila suka shimfiɗa ƙa'idar da ake bi yanzu, in akwai hanyar da ba ta buƙatar dabba a bi ta, in dole ne a rage yawansu, sannan a sauƙaƙa musu wahala. Akwatin da ɓera ke zuwa da ƙafarsa ya cusa hanci ya fi kusa da wannan, kuma sakamakonsa ma ya fi inganci, tunda tsoro da firgici da kansu suna motsa tsarin nan na CB1, dabbar da ke cikin tashin hankali ba za ta ba ka amsar gaskiya ba. Akwai wani ƙorafin ma da ban ga yadda za a kauce masa ba, shi ne ilimin yana tsallake katangar jami'a. John Huffman a jami'ar Clemson don bincike ya haɗa sinadarai masu kwaikwayon THC, a 2008 aka tsinci ɗaya daga ciki, JWH-018, a kayan maye da ake sayarwa a Jamus da sunan Spice. Wannan gaskiya ne kuma abun takaici ne, amma yanzu da kayan suka riga suka fito, rufe ɗakunan bincike ba zai mayar da su ba, sai dai ya bar likitoci a duhu.

Mu dawo gida. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ce. Mutane masu yawan nan, amma duk hujjar da muke jifan juna da ita daga ɓerayen wasu ƙasashe take, waɗanda aka ba su wiwin wasu ƙasashe. Su kansu Amurkawa daga 1968 sun shafe sama da shekara 50 gonar jami'ar Mississippi kaɗai ke da izinin noma wa masu bincike, masu binciken suna ta kukan ba ta kai ta kasuwa ƙarfi ba, ta kasuwar kuwa THC ɗinta ya tashi daga wajen kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa wajen 12 a 2014. To ina ga tamu? Ga wadda ake nomawa a dazukan Ondo da Edo, ga nau'ukan da ake kira Loud da Arizona da Colos a titi, da ake shigowa da su ko ake haɗawa, ga yaranmu ba sa shan ta ita kaɗai, sai an bi ta da tiramol ko kodin ko an shaƙi sholisho, cikin zafin Afrilu, sau da yawa ciki babu komai, ga masu sikila da muka fi kowace ƙasa yawansu. Saliyo sai da shugabanta ya ayyana dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024 saboda wata ƙwayar maye da ake busawa mai suna kush, da aka kai samfurinta ɗakin gwaji aka tarar da sinadaran haɗi masu kwaikwayon wiwi da wasu dangin hiroyin masu tsananin ƙarfi.

Kuma ba wai ba mu da masu yi ba ne. Sashen ilimin magunguna a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri duk suna da ɗakunan ɓeraye, ɗalibai suna gwada saiwoyi da ganyayen gargajiya a kansu kowace shekara, gwajin jela da na zirga-zirga a akwati ba baƙonsu ba ne. Abun da ya rage izini ne da kayan aiki da kuɗi. NDLEA tana tara tan-tan na wiwin da ta kama ta banka mata wuta a gaban 'yan jarida, alhali shi Mechoulam ɗin da ya buɗe fagen nan gaba ɗaya wajen 'yan sandan ƙasarsu ya je ya karɓo kilo 5 na wadda suka kama, ya sa a jaka ya hau bas ya koma ɗakin bincikensa. Me zai hana a ware kaɗan daga kowane kamu, a rubuta jihar da aka kama da sunan da ake kiran ta a titi, a miƙa wa jami'o'i biyu ko uku masu lasisi da tsaro da kwamitin kula da haƙƙin dabbobi? A fara da auna abun da ke cikin Colos tukuna, wannan ko ɓera ɗaya ba ya buƙata. In an san abun da ke ciki sai a zo kan akwatin tururi, a haɗa da tiramol yadda yaran ke haɗawa, a buga sakamakon da Hausa a karanta a rediyo, a kai wa likitocin asibitocin taɓin hankali na Barnawa da Dawanau da Kware waɗanda su ake kai wa yaran a ɗaure cikin dare.